Tayil Ɗin Banɗakin Inna

Mijina mai sa tayil ne, kuma ya iya aikinsa. Da wannan zan fara, don kada wani ya tashi ya ce rashin sani ne ya jawo abin da ya sami mahaifiyarsa. Mutumin da zai rufe ido ya shafa tayil da bayan yatsa ya gaya maka na bango ne ko na ƙasa, ba za a ce bai san santsi ba. Injiniya ake ce masa a unguwa, ko da yake ni dai ban taɓa ganin takardar ba.

Tayil ɗin da ke banɗakin Inna ragowar aikin wani otal ne. Fari ne tas mai zanen ruwan toka, yana ɗaukar ido, kuma na bango ne. Da aka bar masa abin da ya rage, ya kwaso ya kawo gida ya ce babu wanda ya cancanci irin wannan kaya sai uwar da ta haife shi. Ya manna a bango, da ya ga akwai saura ya shimfiɗa a ƙasa, ya zarce da shi har tsakar ɗakinta. Ranar da ya gama, Inna ta yi ta sa masa albarka har da ƙwalla. Daga nan ɗakinta ya zama wurin nuni. Duk wanda zai ba shi aiki sai ya kawo shi gida ya gani da idonsa, a ɗaga wa tsohuwa labule, a gaishe ta a tsaitsaye, a wuce banɗaki ana yaba hannun Injiniya.

Wata huɗu bayan nan Inna ta zame a bakin ƙofar banɗakin, da buta a hannu. Faɗuwar ma ba wata faɗuwa ba ce, zaman daɓas kawai ta yi ta dafa ƙasa da hannun dama. Tsintsiyar hannun ta karye.

Ni na shiga da ita wurin likita, shi yana waje yana waya da mai kawo masa siminti. Likitar mace ce mai magana a gajarce. Bayan an ɗora hannun ta sa aka yi wa Inna awon ƙashi, ta duba sakamakon ta ce ƙashin Inna ya zama kamar katakon da gara ta ci ta ciki, a ido lafiya lau, a dafa ya burma. Sannan ta tambaye ni ko ni ce 'yarta. Na ce surukarta ce ni, amma ni ke kula da ita.

"To ki saurara da kyau," in ji ta. "Wannan karayar ba ita ce abin tsoro ba, ta gaba ita ce. Mai irin wannan ƙashin in ya karye sau ɗaya, watannin da ke biye su ne suka fi haɗari. Yau hannu ne. In ta sake faɗuwa zai iya zama ƙugu, kuma ba kowane tsoho ne yake tashi daga karayar ƙugu ba."

Ta lissafa mini abin da za a yi, kuma babu mai wuya a ciki. A kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, a sa shimfiɗar roba a ƙasa, a samo kujerar wanka da sanda. Ta riƙa ɗan tattaki kullum tana shan hantsi. Ga ƙwaya ɗaya a mako, a sha da safe kafin a karya, da kofi cike da ruwa, a zauna a miƙe rabin awa ba kwanciya.

A mota na gaya wa Injiniya duka. Ya gyaɗa kai ya ce ai wannan aikin minti nawa ne, ranar da ya samu sarari zai yi. Na yarda da shi. Injinsa na hujin bango yana bayan motar, ina jin ƙararsa yana gara-gara duk sanda muka faɗa rami.

Sararin bai samu ba. Da na tuna masa bayan mako guda sai ya zaunar da ni ya yi mini karatu: irin wannan tayil ɗin in aka huda shi tsagewa yake, kuma in ɗaya ya tsage babu inda za a samo irinsa, kamfanin ya daina yi. Na ce to a huda ta layin da ke tsakani. Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce ashe gidan nan injiniyoyi biyu ne bai sani ba.

Na sayo shimfiɗar roba da kaina na shimfiɗa. Kwana uku ta yi. Ya shigo da wani mai gina shaguna, ya tarar da baƙar roba ta rufe rabin zanen, ya naɗe ta a gaban baƙon ya jefa bayan ƙofa. Da baƙon ya tafi ya ce roba tana riƙe ruwa a ƙarƙashi, tana sa tayil ya yi tabo. Kujerar wankan da na samo kuma ya ce ƙafafunta suna karce ƙasa. Sandar kuwa Inna ta fi mako biyu tana dogarawa, har ranar da ya durƙusa ya gano ɗigo-ɗigon baƙi da robar gindinta take bari. Bai yi faɗa ba, shi ba mai faɗa ba ne. Cewa ya yi zai kai a sake mata gindi mai kyau, ya saka ta a bayan mota kusa da injin hujin, can ta samu wurin zama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne komai da murmushi yake yi. Da safe ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya tambayi hannu, ya kawo mata madara da ayaba. Wanda ya gan shi zai ce duk unguwar babu ɗa irinsa. Ita kuma ko sau ɗaya ba ta buɗe baki ta ce ƙasan nan na da santsi ba. In na yi ƙorafi a gabanta sai ta ce, "'Yar nan, ki bar shi. Da ɗakin nan yake samun abin da muke ci. Ni ce ban iya takawa ba."

Na kira yayarsa a waya, na ce ko ita zai ji maganarta. Ta wanke ni tas. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an kafa wa mai ƙafa biyu ƙarfe a banɗaki ba sai ka ce gurguwa, so nake in mai da uwarsu musaka a idon jama'a. Ta ce likitoci haka suke, ba su rasa abin tsoratar da mutane. Ta rufe da tambayata ko na fi wanda Inna ta haifa son Inna ne. Na ja bakina na yi shiru. A kan wannan shirun har yau ban yafe wa kaina ba.

Inna ta samo wa kanta dabara, kuma dabarar ita ta fara cinye ta. Tunda banɗakin ne abin tsoro, sai ta rage shiga. Ta rage shan ruwa. In na kawo mata kofi sai ta jiƙa leɓe ta ce ta ƙoshi. Alwala ɗaya take riƙewa tun daga azahar har isha'i. Wanka ya koma sau biyu a mako, shi ma sai ina riƙe da damtsenta, tana jan ƙafa kamar mai tsallaka gada ta itace ɗaya. Tattakin da likita ta ce ta riƙa yi ya mutu tun ranar da sanda ta tafi, domin kafin ta kai tsakar gida sai ta taka tayil taku tara. Na ƙirga, ita ma na san ta ƙirga.

Ƙwayar mako-mako ita ce ta ƙarshe da ta faɗi. Kofi cike da ruwa da sassafe yana nufin shiga banɗaki sau biyu kafin hantsi, a daidai lokacin da nake gama goge ƙasa. Sai ta fara ce mini ta sha. Ranar da nake kaɗe shimfiɗarta na tarar da guda biyar a ƙulle a bakin ɗankwali a ƙarƙashin filo. Na riƙe ƙullin ina kallonta, tana kallon bango. Na san wanda ya kamata in nuna wa ba ita ba ce.

Na nuna masa. Ya ce tsofaffi sai haƙuri, rigimarsu ta fi ta yara, in riƙa tsayawa a kanta har ta haɗiye.

An cire mata ɗorin hannu ba da daɗewa ba sai baya ya ɗauka. Sunkuyawa kawai ta yi za ta naɗe sallaya, ta yi wata 'yar ƙara ta kasa miƙewa. Injiniya ya ce sanyi ne, ya sayo man zafi. Kwana goma muna shafa man zafi a kan ƙashin da ya riga ya burma. Da na gaji na ɗauki hayar mota ranar da ya tafi aiki na mai da ita asibiti. Hoto ya nuna ɗaya daga ƙasusuwan bayanta ya lotsa. Likitar ta auna tsawonta ta ce ta ragu, ni ma na riga na gani, don a da kafaɗarmu ɗaya, yanzu ina hango tsakiyar kanta.

Ta tambaye ni ko an kafa ƙarfen. Na ce tukuna. Sanda fa? Na ce an kai gyara. Ƙwaya? Inna ta yi saurin cewa tana sha, ni kuma na sunkuyar da kai. Likitar ta ajiye biro ta daɗe tana kallona, kallon da na gwammace mari a kansa. Sannan ta yagi takarda ta rubuta wa Injiniya wasiƙa da hannunta, ta ce karaya biyu ke nan cikin wata uku, kada a jira ta uku, in kai masa hannu da hannu.

Na kai masa hannu da hannu. Ya karanta, ya sha kunu, ya ce shi ba ya son a riƙa kai ƙararsa wurin bare kamar wanda ya wulaƙanta uwarsa. Ya ce ya ji, zai yi, amma in bari a wuce Asabar, akwai wata shugabar makaranta da za ta zo ganin ɗakin, babban aiki ne, gida guda. Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihun gaba.

Ranar Asabar tun da safe ya miƙo mini ruwan gogen nan mai sa sheƙi, ya ce in bi ɗakin Inna da banɗakin sau biyu. A nan ne nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na san abin da ruwan nan yake yi wa ƙasa, na sha zamewa a kai da ƙuruciyata da lafiyata. Na karɓa na zuba a bokiti na goge, sau biyu kamar yadda ya ce. Abin da na iya kawai shi ne na ce wa Inna kada ta sauko daga gado sai na zo na kama ta. Ta ce to. Na tambaye ta ko za ta zaga kafin baƙuwa ta iso, ta ce a'a, kada ta jiƙa wurin bayan na sha wahala.

Shugabar makarantar ta zo wajen ƙarfe goma, ta gaishe da Inna da ladabi, ta shiga banɗakin ta fito tana ta yabawa. Suka koma falo, na kawo musu ruwa. Ina ajiye faranti na ji tana cewa irin wannan take so a ɗakin mahaifinta, wanda zai dawo wurinta da zama, ya haura tamanin.

Injiniya ya girgiza kai. Ya gyara zama irin na wanda ya san aikinsa.

"A'a, ranki ya daɗe, ban ba ki shawara ba. Wannan na bango ne. Tsoho ba a sa masa mai santsi a ƙasa, mai kaushi za mu sa. Sannan in kafa masa ƙarfen dafawa, ɗaya kusa da wurin zama, ɗaya wurin wanka. Ƙusa huɗu ne kowanne, ba ya ɓata komai. Ƙashin tsoho ba abin wasa ba ne."

Ta ce Allah ya yi masa albarka, ba kowane mai aiki ne yake gaya wa mutum gaskiya ba. Ya laluba aljihu yana neman abin rubutu, ya zaro wasiƙar likita, ya juya bayanta, ya fara rubuta tsawo da faɗin banɗakin mahaifinta.

Na tsaya da farantin a hannu. Bakina cike yake da magana, amma na haɗiye, wai kada in kunyata mijina a gaban baƙuwa. Na koma kicin na kunna famfo da ƙarfi don kada in ƙara jin muryarsa. Shi ya sa ban ji komai ba. Sun fi rabin awa suna lissafin ɗakuna, sannan ya raka ta waje. Sai a lokacin na tuna tun asuba Inna ba ta zaga ba.

Ba ta kan gado. Ƙofar banɗakin a buɗe take kaɗan. Na tura na same ta kwance a gefe ɗaya tsakanin bango da wurin zama, ƙafarta ta hagu ta juya waje yadda ƙafa ba ta juyawa, zaninta a jiƙe, ta cusa gefen mayafi a baki ta cije. Gumi ya wanke mata fuska. A bangon, daidai inda ƙarfen zai kasance, akwai sawun yatsunta huɗu da suka ja a kan sheƙin har ƙasa.

Na durƙusa na zare mayafin daga bakinta. Abin da ta fara cewa shi ne, "Baƙuwar ta tafi?"

Na ce ta tafi. Sai a sannan ta saki kukan.

Daga baya ta gaya mini ta kira ni sau biyu a hankali, ba ta so ta ɗaga murya ana maganar aiki. Da ta kasa riƙewa ta lallaba da bango. Da ta faɗi kuwa ta san ta karye, amma ta ga in ta yi ihu baƙuwar za ta shigo ta ga abin da tayil ɗin ya yi, yaron nan ya rasa aikin.

Ƙugu ne, kamar yadda aka faɗa mana tun ranar farko. Aka yi mata aiki aka sa ƙarfe a ciki, ta yi mako uku a asibiti. Likitar ta zo dubiya ɗakin da aka kwantar da ita, ta tarar da Injiniya a bakin gado yana share hawaye yana gaya wa 'yan dubiya cewa tsautsayi ne, abin da Allah ya rubuta babu mai kankarewa. Ta wuce shi. Ni ta tambaya ko wasiƙarta ta isa. Na ce ta isa, tana aljihunsa, in ta duba bayanta za ta ga awon banɗakin wani tsohon. Wannan ce magana ta farko da na faɗa a gaban mutane, kuma na faɗe ta ne bayan ta daina amfani. Yayarsa ta ce ba ni da kunya, ana cikin jimami ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Na ce mata ba nema nake ba, na san inda yake, kuma da ni a ciki.

Kwana biyu kafin a sallamo Inna, ya shigo da injin hujin daga mota. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallo. Ya auna, ya manna ɗan tef, ya huda, ya ɗaura. Ƙarfe biyu, ƙusa takwas. Na ɗora ruwan shayi sanda ya fara, kafin in juye a fulas ya gama yana tattara kaya. Ko tayil ɗaya bai tsage ba. Washegari ya fasa na ƙasan da hannunsa, wanda ya ce babu irinsa a duniya, ya shimfiɗa mai kaushi. Ya fito da sandar ma, da sabon gindi, ya jingina ta a gefen gado.

Wata bakwai ke nan. Inna ba ta taka ba. Masu gashin ƙashi sun yi iya yinsu, amma ƙafafun da suka yi wata uku ba sa tafiya tun kafin faɗuwar ba su da abin da za su tashi da shi, ga tsoro ya riga ya zauna mata. Ni nake juya ta saboda gyambon kwanciya, ni nake mata wanka a kan gado da tsumma. Yanzu tana shan ruwa sosai, tana shan ƙwayarta a kan lokaci, tunda babu sauran inda za ta je. In ya shigo gaishe ta har yanzu albarka take sa masa, ta ce ya gyara mata banɗaki ya yi kyau, an ba ta labari.

Aikin shugabar makarantar ya samu, kuma ta kawo masa wasu. Yanzu har suna ya yi a kan banɗakin tsofaffi. Masu zuwa gani sun ma fi da yawa. Ya ɗaga labule, su gaishe da Inna a kwance, ya wuce da su ciki ya kama ƙarfen ya jijjiga da ƙarfinsa don su ga ba ya motsi, ya ce, "Kun gani? Wa mahaifiyata na yi." Su kuma su ce Allah ya ba su ɗa irinsa.

Hannun Inna bai taɓa taɓa ƙarfen nan ba. Ni kaɗai nake dafa shi a gidan, sau biyar ko shida a rana, in na sunkuya zan zubar da fon fitsarin da na ɗauko daga ƙarƙashinta.